Waiwaye: Yadda Neman Taimako a Bainar Jama'a Ya Koma Sai da Takardar Izini

Mai riƙe da gwangwanin tara taimako a bakin titi a Ingila, dokokin da ke kansa sun wuce abin da mai wucewa yake gani. Gwangwanin sai an liƙe shi, an buga masa lamba, kuma ba a buɗe shi sai a gaban shaida. A ƙa'idar da yawancin ƙananan hukumomi ke bi, yaron da bai kai shekara 16 ba ba ya riƙe shi, sannan tsakanin mai karɓa da ɗan'uwansa sai an bar tazarar mita 25 don kada su tare wa jama'a hanya. Kafin a zo nan ma, sai ƙungiyar ta nemi izini daga ƙaramar hukuma, ta yanka mata rana da unguwa. In an gama, tana da wata guda ta kawo lissafi: nawa aka tara, nawa aka kashe, nawa ya isa inda aka ce za shi.

Ba mai jin wannan ya ce da laifi. Sai dai takardar izinin nan daɗaɗɗiya ce, kuma tun farkonta aiki biyu take yi. Tana kare mai bayarwa daga ɗan damfara, tana kuma ɗora wa wani jami'i ikon ya ce wane ya cancanci ya roƙa, wane bai cancanta ba. Rigimar da aka yi ta yi kusan shekara ɗari biyar a kan wannan iko na biyu take.

A 1531, zamanin Sarki Henry na Takwas, majalisar Ingila ta yi doka cewa alƙalan yanki su tantance tsofaffi da naƙasassu, su ba su takarda mai hatimi su yi bara, amma a iyakar yankin da aka shata musu kaɗai. Gajiyayyen da aka kama yana bara ba takarda, ko dai a yi masa bulala ko a sa shi a turu kwana uku, ba abin da zai ci sai burodi da ruwa. Mai lafiya kuwa sai a ɗaure shi a bayan keken shanu, a zaga kasuwa da shi ana tsula masa bulala, sannan a kora shi garinsu. Hatta ɗaliban jami'o'in Oxford da Cambridge da ke yawon neman abin da za su yi karatu da shi, dokar ba ta ƙyale su ba, sai sun nuna takarda mai hatimin jami'arsu. Wato lasisin farko a kan talaka mai roƙa wa cikinsa aka yi shi, kuma kare mai bayarwa ba shi ne a gaban masu dokar ba. Damuwarsu ita ce kada mutane su bar aiki su shiga yawo.

Gefe guda kuma akwai wasiƙar sarki. Garin da gobara ta cinye, ko cocin da ya rushe, ko iyalan da 'yan fashin teku suka kama wani nasu ana neman kuɗin fansa, sai su nemi wasiƙa daga fada, a riƙa karanta ta a coci-coci ana karɓar taimako. Da tafiya ta yi nisa sai abin ya koma sana'a. 'Yan kwangila suka karɓe aikin buga wasiƙun da rarraba su da tattaro kuɗin, suna cire nasu tun kafin a kai wa masu shi. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Jama'a suka gaji, a 1828 aka soke tsarin. A riƙe maganar ɗan kwangilar nan, don za mu sake haɗuwa da shi a Amurka bayan fiye da shekara ɗari da hamsin, yana riƙe da wayar tarho.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya share fagen dokokin da ake aiki da su yanzu a Ingila. Asusai na taimakon sojoji da 'yan gudun hijirar Beljiyam suka yi ta ɓullowa ko ta ina, na gaskiya da na bogi, har a 1916 majalisa ta yi doka biyu: ɗaya ta tilasta wa asusan yaƙi yin rajista, ɗaya ta ba hukumomin gari ikon tsara karɓar taimako a titi. A 1939 aka ƙara ta masu bi gida-gida. Wannan ta ukun ta fi ƙarfi, domin ta ce mai karɓa sai ya maƙala baje ya riƙe takardar shaida, kuma hukuma na iya hana lasisi in ta ga abin da zai isa ga mabuƙata bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da za a tara, ko in la'adar masu karɓa ta yi yawa. Manyan ƙungiyoyi masu aiki a duk faɗin ƙasa an ba su damar karɓar izini guda daga gwamnatin tsakiya, wanda a aikace ya sa wahalar bin ofis-ofis ta fi faɗa wa ƙanana.

A daidai shekarun nan ne aka ga inda ikon zai iya kai mutum in ya faɗa mugun hannu. A 1934 gwamnatin Nazi a Jamus ta yi dokar da ta ce duk wani tara taimako a bainar jama'a sai da izinin hukuma. Asusun taimakon hunturu na gwamnati ya mamaye tituna da ƙofofin gidaje, ƙungiyoyin agaji na coci kuwa aka yi ta matse su. Dokar ta rayu bayan masu ita, sai a 1966 kotun tsarin mulkin Jamus ta Yamma ta rushe ta. Jihohi suka yi nasu dokokin, daga baya yawancinsu suka soke. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ma ta yi tata a 1978, ta ba minista ikon hana kowace ƙungiya tara kuɗi, kuma a 1980 aka yi amfani da ita a kan haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta FOSATU. Ba a ce an haramta ƙungiya ba, an dai toshe mata hanyar abinci.

A Amurka ne aka fi baje kolin wannan muhawara, domin can kowane ƙaramin gari yana da ikon yin tasa dokar, kuma mutanen ƙasar ba sa jin nauyin kai gwamnati kotu. A 1938 wani mai suna Newton Cantwell da 'ya'yansa biyu, mabiya ɗariƙar Shaidun Jehobah, suka shiga wata unguwa a birnin New Haven na jihar Connecticut da mafi yawan mazaunanta 'yan Katolika ne. Suna bi ƙofa-ƙofa da littattafai da garmaho, suna kunna wa mutane fayafayin wa'azi, suna neman gudummawa. Aka kama su. Dokar jihar Connecticut ta ce mai neman taimako da sunan addini sai ya karɓi takarda daga wani sakatare, wanda shi zai duba ya ga ko abin nan addini ne na gaske. A 1940 Kotun Ƙoli, bakin alƙalanta ɗaya, ta ce jami'in gwamnati ba shi da hurumin auna addinin mutum kafin ya ba shi damar magana. Amma ta bar wa gari ikon tsara lokaci da wuri da yadda za a yi, da ikon hukunta mai zamba.

Da wannan ƙofa ta rufe sai garuruwa suka koma ta lissafi, kuma a nan gizo ke saƙar, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Garin Schaumburg da ke jihar Illinois ya ce ba zai ba ƙungiya izinin bi gida-gida ba sai in kashi 75 cikin 100 na abin da ta tara yana tafiya kai tsaye ga aikin jinƙai. Wa zai ƙi wannan? Wata ƙungiyar kare muhalli ta ƙi. Ta ce ai aikinta shi ne wayar da kan jama'a, albashin masu bin gidajen nan shi ne aikin kansa. A 1980 Kotun Ƙoli ta ba ta gaskiya, alƙalai takwas a kan ɗaya, ta ce roƙon taimako a cakuɗe yake da isar da saƙo, ba a raba su. A 1984 dokar jihar Maryland mai iyakance kuɗin ɗawainiyar tarawa ga kashi 25 ta bi sahu, a 1988 kuma ta jihar Carolina ta Arewa, wadda ta ɗauki la'adar da ta haura kashi 35 a matsayin wuce gona da iri, ta kuma tilasta wa mai tarawa ya faɗi kasonsa kafin ya roƙa. Kotu ta lura da wani abu da mai kallo daga nesa ba zai hanga ba: sabuwar ƙungiya, ko wadda ke fafutukar da mutane ba su cika so ba, ita ce ke kashe kuɗi da yawa kafin ta samu kaɗan. Dokar kaso tana kashe ta, ta bar manya da suka riga suka yi suna.

Ga ɗan kwangilarmu ya dawo. Wani kamfanin kiran waya a Illinois yana tara kuɗi da sunan tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam, yana riƙe kashi 85, ana kuma zargin yana gaya wa masu bayarwa cewa kaso mai tsoka na kuɗinsu zai isa ga sojojin. A 2003 Kotun Ƙoli ta ce yawan la'ada shi kaɗai ba zamba ba ne, amma in ka yi wa mai bayarwa ƙarya a kan inda kuɗinsa za shi, gwamnati na iya maka ka a kotu. A ganina a nan aka fi kusa da gaskiyar lamarin. Takardar izini ba ta taɓa gane maƙaryaci ba, domin ɗan damfara ya fi kowa iya cike fom. Lissafin da ake bi a duba, da hukuncin da ke biyo bayan ƙarya, su ne ke ba shi tsoro. Shekara guda kafin wannan hukunci, kotun ta rushe dokar wani ƙauye a Ohio mai suna Stratton, wanda mutanensa ba su kai 300 ba, amma ya ce ba mai ƙwanƙwasa ƙofar wani da wata manufa sai ya yi rajista a ofishin magajin gari.

Shi kuwa mai bara, wanda a kansa aka fara komai, shi ne na ƙarshen cin moriyar waɗannan hukunce-hukunce. Garuruwan Amurka da dama sun daɗe suna korar mabarata daga tsakiyar gari alhali ƙungiyoyi na tara nasu. Birnin Springfield na Illinois ya hana roƙon kuɗi da baki a tsakiyar gari, amma ya yarda mutum ya ɗaga allo. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe dokar, ta dogara da wani hukuncin Kotun Ƙoli na shekarar, wanda asalinsa ma a kan allunan sanarwar wani ƙaramin coci ne a jihar Arizona. Daga nan dokoki irinta suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu kuma titin kansa ya tashi ya koma cikin waya. Jihohin Amurka kusan 40 ne ke buƙatar ƙungiya ta yi rajista kafin ta nemi taimako a cikinsu, to wanda ya sa maɓallin gudummawa a intanet, a wace jiha yake roƙo? A 2001 jami'an jihohin suka zauna suka fitar da wasu ƙa'idoji da aka laƙaba wa sunan birnin Charleston, sai dai shawara ce, ba doka ba. Kalifoniya ta yi doka a 2021 da ta sa shafukan tara taimako su yi rajista. Ƙasar Sin ta bi ta tsohuwar hanya: dokarta ta 2016 ta ce ƙungiyar da hukuma ta ba lasisi ce kaɗai za ta nemi taimakon jama'a, kuma a intanet sai ta shafukan da gwamnati ta amince da su.

A Ingila tsugune ba ta ƙare ba. Dokar titi ta 1916 a kan karɓar tsabar kuɗi take magana, don haka matasan da ke tare mutane suna neman su sa hannu a riƙa cire musu kuɗi daga banki duk wata ba su shiga cikinta ba, sai yarjejeniya da ake ƙullawa da ƙananan hukumomi. A 2015 rasuwar wata tsohuwa 'yar shekara 92 a Bristol, wadda aka gano wasiƙun roƙo daga ƙungiyoyi sun yi mata yawa, ta tayar da ƙura, duk da iyalanta sun ce ba a ɗora wa ƙungiyoyin alhakin mutuwarta ba. A 2016 aka kafa sabuwar hukumar sa ido, wadda manyan ƙungiyoyin ne da kansu ke ɗaukar nauyinta. Sau biyu majalisa ta rubuta sabon tsarin lasisi da zai maye gurbin tsofaffin dokokin, a 1992 da 2006, kuma duka biyun ba a fara aiki da su ba. Mai gwangwanin nan na bakin titi, har yau da izinin dokar 1916 yake tsaye.