Kwashe fayilolin ofishin lauyoyi zuwa gajimare: abin da doka ta ɗora wa mai ofis

A irin ofishin lauyoyin da ake gani a Wuse ko Garki a Abuja, sau da yawa kwamfuta guda ce ke riƙe da komai. Tana kusurwar ɗakin akawu, an jona ta da inbata, a cikinta akwai tsohuwar manhajar da ke ɗauke da fayilolin shari'a, ranakun zaman kotu da lissafin kuɗin mutane. Ranar da faifanta ya ƙone, aikin shekaru ya tafi. Saboda haka mai son kwashe komai zuwa gajimare, wato sabar wani kamfani da ake shiga ta intanet, yana da gaskiya. Sai dai kayan ne kawai ke tashi, alhakin yana nan a wuyan mai ofis.

Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 12 ga Yuni, 2023, ta bambanta mai iko da bayanai, wanda ke yanke abin da za a yi da su, da mai sarrafa su a madadinsa. Ofishin lauya shi ne na farko, kamfanin gajimare na biyu. In takardar rabon gadon wani ta fita waje, lauyan ne NDPC, wato hukumar kare bayanai ta ƙasa, za ta fara nema.

Wasu lauyoyi na fakewa da sashe na 3, wanda ya sassauta wa bayanan da ake buƙata don shigar da ƙara ko kare kai. Sassaucin na nan, amma bai kai inda ake zato ba. Sashen da kansa ya bar sassa na 24, 25, 32 da 40 suna aiki, wato na ƙa'idojin sarrafa bayanai, hujjar riƙe su, jami'in kare su da sanar da kutse. Sannan ba duk abin da ke cikin manhajar ne shari'a ba: akwai albashin ma'aikata, cinikin filaye, rajistar kamfanoni, kwafin fasfo da lambar NIN ta waɗanda ake wa aiki. Abin da ya fi lafiya shi ne a ɗauka dokar ta hau kan rumbun baki ɗaya. Ko babu ita ma, ƙa'ida ta 19 ta Ƙa'idojin Aikin Lauya na 2023 da sashe na 192 na Dokar Shaida ta 2011 sun riga sun hana lauya fallasa sirrin wanda ya ba shi amana.

Kafin fayil ɗaya ya motsa, sashe na 29 na Dokar Kare Bayanan yana son rubutacciyar yarjejeniya da kamfanin gajimaren: matakan tsaron da zai ɗauka, taimakon da zai bayar in wani ya nemi a gyara ko a goge bayanansa, da sanar da ofis duk lokacin da ya ɗauko wani kamfanin ya taya shi. Danna "na yarda" a shafin rajista ba tare da an karanta ba, abin kunya ne ga mai sana'ar karanta yarjejeniya. A ƙara da sharaɗin fita: in an raba gari, cikin kwana nawa za a maido da bayanan, kuma a wane tsari?

Sai tambayar da dillalan manhaja ba su cika son ji ba: a wace ƙasa sabar take? In a Ayalan take ko Amurka, an fitar da bayanai daga Najeriya ke nan, sassa na 41 zuwa 43 sun shigo. Dole mai karɓa ya kasance ƙarƙashin doka ko sharuɗɗan kwangila masu ba da isasshiyar kariya, ko kuma a dogara da ɗaya daga cikin dalilan sashe na 43, kamar amincewar mai bayanan bayan an faɗa masa haɗarin. Ofis kuma ya rubuta hujjar da ya dogara da ita ya ajiye. A tambayi inda kwafin ajiya yake kwana ma, don yakan zauna a wata ƙasar daban.

Ranar kwasa ita ce inda ake yin ɓarna. Mafi muni shi ne kwanan wata. Mu rana muke fara rubutawa, manhajojin Amurka kuwa wata suke farawa da shi, sai 03/04 da ke nufin 3 ga Afrilu ya koma 4 ga Maris, 04/03 kuma ya tsallaka gaba da wata guda. Wanda ya san kwana 14 kacal ake da su don ɗaukaka ƙara kan hukuncin tsakiyar shari'a zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, wata uku kuma kan hukuncin ƙarshe a shari'ar da ba ta laifi ba, ya san abin da wannan juyin zai jawo. A buga kalandar wata shida a takarda, akawu biyu su bi ta layi-layi bayan kwasa.

Asusun kuɗin waɗanda ake wa aiki kuma a daidaita shi da takardar banki kafin kwasa da bayanta, har kwabo. Izinin shiga yakan warware a hanya, fayil ɗin sakin aure da lauya biyu kaɗai ke gani ya buɗe wa kowa har ɗan bautar ƙasa. Sunaye masu ƙ, ɗ da ɓ kan rikiɗe su zama alamar tambaya, a nemi Ɗanladi a rasa, binciken ko ofis ya taɓa tsaya wa abokin gaba ya ba da amsar ƙarya. Hutun shekara na kotuna, wajen Agusta, ya fi dacewa da aikin. A fara gwaji da fayil hamsin, a bar tsohuwar manhaja a buɗe don karatu kawai na aƙalla wata guda. A kuma rubuta wanda ya kwashe, da ranar, da adadin fayilolin da suka tashi da waɗanda suka sauka, domin sashe na 84 na Dokar Shaida yana neman takardar shaida kan yadda kwamfuta ta samar da duk takardar da za a miƙa wa kotu.

In an yi kutse, sashe na 40 na Dokar Kare Bayanan ya ba ofis awa 72 daga lokacin da ya sani ya sanar da NDPC, muddin abin zai iya cutar da haƙƙin mutane. In haɗarin babba ne, a gaya wa masu bayanan nan take. Tara kan kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga ofishin da ke cikin manyan masu riƙe bayanai kuwa, miliyan 10 ne ko kashi 2 ɗin.

Tsohuwar kwamfutar nan kuma kada a sayar da ita ko a ba yaron ofis da faifanta a ciki. Goge fayil ba ya kashe shi, mai gyara na iya maido da shi. A cire faifan, a kulle shi a sef har a gamsu da sabon rumbu, sannan a fasa shi a gaban shaida, a rubuta ranar.