Layin ruwa a bangon kawu: tambayoyi kan ambaliya, fari da zafin da suka shiga tarihi

A gidanmu na unguwar Alajo da ke Accra akwai wani layi a jikin bangon ɗakin kawuna, daidai ƙirjin babban mutum. Sau biyu ana shafa masa fenti, amma da damina ta kankama sai ya sake tasowa kamar an ja shi da gawayi. Iyakar inda ruwan ambaliya ya kai ke nan ranar 3 ga Yuni 2015. Kwanan baya hadari ya tsare mu a majalisar ataya, samarin da suke ƙanana a wancan lokacin suka rufe ni da tambayoyi. Ga abin da muka tattauna, na ɗan gyara shi don masu karatu.

Malam, wai ruwan 3 ga Yuni yana cikin manyan ruwan da aka taɓa yi a duniya?

Ko kusa. Bari mu fara da ma'auni. Idan aka ce an yi ruwa milimita ɗaya, ana nufin lita ɗaya ta zuba a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya. A ranar nan an auna sama da milimita 200 a Accra. Abin da garin yake samu a shekara guda bai cika wuce 800 ba, wato wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan shekara ya sauko a yini ɗaya. A wurinmu babban abu ne.

Amma a wani wuri da ake kira Foc-Foc, a tsibirin Reunion da ke tekun Indiya, an auna milimita 1,825 cikin awa 24 a watan Janairu 1966. Ruwan Accra na fiye da shekara biyu ke nan, tsakanin asubar yau da ta gobe. A Cherrapunji ta ƙasar Indiya kuwa, daga Agusta 1860 zuwa Yuli 1861 an samu fiye da milimita 26,000.

Ko a cikin Ghana ma Accra ba ta cikin masu ruwa. Kumasi ta fi ta nesa ba kusa ba, Axim kuma ta ninka ta fiye da sau biyu. Baƙo da yake ganin hotunan ambaliya duk shekara ba zai yarda ba, amma Accra na cikin wurare mafiya ƙarancin ruwan sama a kudancin ƙasar nan.

To me ya sa ya yi ɓarna haka?

Saboda ruwan bai sami hanya ba. Duk ruwan da ya sauka daga wajen Achimota, da wanda babbar kwatar Nima da Maamobi take kwasowa, da na Alajo, a rafin Odaw yake haɗuwa. Odaw ya bi ta Circle, babbar mahaɗar hanyoyin gari, ya faɗa tafkin Korle, daga nan sai teku. Ƙofa ɗaya ce ga jama'a mai yawa. Da can akwai fadamu da ciyayi da suke shanye wani kaso. Yanzu siminti ne da kwalta da rufin kwano, ɗigon da ya faɗo ba ya tsayawa gaisawa da ƙasa. Ga yashi ya cike rafin, ga ledar ruwa da robobi, ga gine-gine a bakin kwata. Kada mu ɗora wa gwamnati duka. Mu ma mun san gidajen da suke jiran hadari ya haɗu su fito da shara su juye a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Ina zai kai ta? Ƙofar maƙwabcin da ke gangare.

Abin da ya mayar da ranar nan daban shi ne wuta. Laraba ce, da daddare, mutane sun taso daga aiki da kasuwa, motocin haya na trotro sun tsaya cik a Circle. Jama'a suka fake a gidan man GOIL da ke kusa. Man fetur ya malalo ya hau kan ruwa, don ya fi ruwa rashin nauyi, wuta ta kama, ta bi saman ruwan tana cin duk abin da ta tarar. Mutum yana tsaye cikin ruwa har ƙugu, ga wuta tana tahowa a kan ruwan. Fiye da mutum 150 suka rasu. Shugaba John Mahama ya sa aka yi zaman makoki na kwana uku, bayan 'yan makonni kuma aka shiga rusau a gefen unguwar Old Fadama don a buɗe wa Korle hanya.

Mu a Alajo ruwan kawai muka gani. Ina tuna kawu tsaye a kan gado da jikarsa a wuya, buta da takalma suna yawo a ɗaki, yana ce wa matarsa, "Hajiya, bar tukwanen nan, ɗauko takardun gida." Sai da gari ya waye muka ji abin da ya faru a Circle.

An taɓa yin irinsa a Masar. A watan Nuwamba 1994, a garin Dronka, tsawa ta faɗa kan tankokin mai ana tsakiyar ruwa, ambaliya ta kwashi man yana ci da wuta ta shiga da shi cikin gari. Mutum 469 suka mutu, kuma har yau shi ne adadi mafi yawa da aka rubuta na mutuwa ta sanadin tsawa guda.

Kuma 2015 ba shi ne farau ba. An yi babbar ambaliya a Accra a Yuli 1995, an yi a Yuni 2001, an yi a Oktoba 2011. Unguwannin da ake lissafawa kusan su ne dai: Alajo, Adabraka, Kaneshie, Circle.

Tsofaffi kullum sai su ce "ba ku ga 83 ba". Me ya faru a 83?

Wannan ita ce shekarar da ta fi kowace zama a bakin iyayenmu, kuma ba ruwa ne ya yi yawa ba, rashinsa ne. Damina ta gaza tun 1982, hunturu ya yi tsanani, daji ya bushe ƙamas. Sai gobarar daji ta tashi ta cinye gonakin koko da na rogo da na ayaba, har cikin kurmin Asante inda ba a saba ganin wuta irin wannan ba. Masana sun danganta lamarin da El Nino, wani ɗumamar ruwa da ke faruwa a tekun Pasifik yana rikita damina a ƙasashe masu nisa, kuma na 1982 zuwa 1983 yana cikin mafiya ƙarfi a ƙarnin da ya wuce.

Ana cikin haka, a Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takardu daga Najeriya. 'Yan Ghana wajen miliyan ɗaya suka dawo gida, gidan da babu abinci. Gwaggona takan ce layin dokunu, wani abincin masara, ake bi tun kafin a dafa, mutum ya saye shi ɗanye ya tafi da shi, don in ya jira ya nuna ba zai samu ba. Mutane suka rame har ƙashin wuya ya fito, aka sa masa suna sarƙar Rawlings, shugaban ƙasa na lokacin. Ruwan dam ɗin Akosombo, inda ake samar da wutar lantarki, ya ja baya, aka shiga rabon wuta, kamfanin alminiyon Valco da ke Tema ya dakatar da aiki.

'Yan'uwanmu na arewa nasu ya biyo baya. A Nijar yunwar 1984 ana kiranta El-Buhari, domin ta zo daidai lokacin da Najeriya ta rufe iyaka. Kafin nan an sha farin 1972 zuwa 1974 a duk yankin Sahel, can baya kuma akwai Kakalaba ta wajen 1914 a ƙasar Hausa. Bahaushe ba ya riƙe shekara da lamba, suna yake raɗa mata. Larabawa ma haka: farin da aka yi a Madina zamanin Sayyidina Umar, shekara ta 18 bayan hijira, Shekarar Toka ake ce masa.

Ina ne aka taɓa auna zafi mafi tsanani?

A rubuce, Furnace Creek ne, cikin kwarin Death Valley a Amurka: digiri 56.7 ranar 10 ga Yuli 1913. Shekara 90 kambun yana hannun garin Aziziya na Libiya, da aka ce ya kai 58 a 1922. A 2012 hukumar yanayi ta duniya, wato WMO, ta sake bin takardun, ta gano matsala a na'urar da wurin da aka ajiye ta da kuma yadda aka karanta ta, ta soke shi. Har na Amurkan ma akwai masana da ba su gamsu da shi ba.

Na kusa da mu sun fi ba ni tsoro. A Afrilu 2024, cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai 48.5. A aikin Hajjin shekarar 2024 ɗin zafi ya haura 51 a Makka, hukumomin Saudiyya suka ce alhazai fiye da 1,300 sun rasu. A Ghana, Navrongo ce ta saba riƙe tuta, an sha auna sama da 43 a can.

Wani zai ce ai Accra 33 kawai take kaiwa, amma mutum kamar zai narke. Laimar teku ce. Jiki da gumi yake sanyaya kansa, kuma gumi sai ya bushe yake aiki. Iskar Accra ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta karɓar naka. Sannan duk waɗannan alƙaluman a inuwa ake auna su, cikin farin akwati mai shan iska. Ɗakin kwano a Nima mai taga ɗaya, da ƙarfe biyun rana, babu wanda ya rataya masa ma'auni.

Sanyi fa?

Tashar Vostok a Antatika, 21 ga Yuli 1983: digiri 89.2 ƙasa da sifili. Shekarar da muke ƙonewa a nan ke nan. A Afirka, Ifrane ta Maroko ta kai 23.9 ƙasa da sifili a 1935, kuma dusar ƙanƙara ta sauka a kan rairayin Ain Sefra a Aljeriya a 1979, ta sake a 2016 da 2018. Namu sanyin hunturu ne, ƙurarsa kuma mafi yawa daga kwarin Bodele na Chadi take tasowa. Wanda ya yi hunturun Kano ko Zinder dariya yake yi in ya ga ɗan Accra da rigar sanyi.

Me ya sa mahaukaciyar guguwar teku ba ta zuwa Ghana, ga mu a bakin teku?

Mun yi kusa da tsakiyar duniya. Irin wannan guguwa tana bukatar juyin ƙasa ya murɗa ta, murɗin nan kuwa ba shi da ƙarfi a inda muke. Abin mamaki, da yawa daga cikin waɗanda suke rusa gidaje a Amurka daga sararin Afirka ta Yamma suke farawa. Hadari ne irin namu, ya fita teku ta wajen Senegal, ya yi yamma yana girma.

Wasu ba su yi wannan sa'ar ba. Guguwar Bhola ta Nuwamba 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000 a inda yanzu ake kira Bangladesh. Idai ta daki Beira ta Mozambik a Maris 2019, fiye da mutum 1,000 suka mutu a yankin. Freddy ta 2023 ta yi kwana 36 tana yawo, ba a taɓa rubuta wadda ta kai ta daɗewa ba.

Mu tamu iskar farkon damina ce, mai yaye kwano. A Maris 2017 ita ta kayar da bishiya kan masu wanka a magangarar ruwan Kintampo, kusan mutum 20 suka rasu, yawancinsu ɗalibai. A wajen Keta kuma teku ne da kansa yake shigowa gari, kamar yadda ya yi a Nuwamba 2021.

Yaya ake ambaliya a garin da ba a yi ruwa ba?

Ruwan wani wuri ne ya iso. Duk shekara mutanen arewacin Ghana suna kasa kunne su ji ranar da Burkina Faso za ta buɗe dam ɗin Bagre. A 2007 ruwan sama mai yawa ya haɗu da wannan, gonaki da gidajen ƙasa suka tafi a jihohin arewa, alhali a shekarar nan ɗin muna Accra ana rabon wuta saboda Akosombo ya ƙafe. A 2023 abin ya juya: tafkin ya cika har ana tsoron dam ɗin, hukumar VRA mai kula da shi ta fara sakin ruwa ranar 15 ga Satumba, Mepe da garuruwan Tongu suka nutse, dubban mutane suka koma kwana a azuzuwan makaranta. Cikin wannan Satumbar ne dam biyu suka fashe a Derna ta Libiya, shekara ta zagayo kuma na Alau ya ɓalle wa Maiduguri.

Wa yake riƙe da waɗannan alƙaluman, kuma za a iya yarda da su?

A nan gida hukumar yanayi ta GMet ce, a duniya kuma WMO da ke Geneva ita take tantancewa. Labarin Aziziya ya nuna suna iya gyara kuskure ko bayan shekara 90, wannan ya sa na fi yarda da su. Sai dai kundin yana rubuta wurin da aka kafa na'ura ne kawai. Sahara mai faɗin nan tashoshinta 'yan kaɗan ne, ba mamaki an yi ranar da ta fi 56.7 babu kowa a wurin sai raƙumi. Ko a Accra, ana iya tafka ruwa a unguwar Madina, filin jirgi kuwa yayyafi kawai ya gani.

Wani yaro ya tambaye ni ko GMet ta san iyakar inda ruwa ya kai a gidanmu. Ba ta sani ba. Kawu ya buga ƙusa kamu ɗaya sama da layin. Daga watan Mayu, takardun gida da fasfo da katin asibitin Hajiya suna cikin leda a rataye a jikinta. In aka fara ruwa bayan isha'i, talabijin ya hau kan kabad, shi kuma ya jawo kujera bakin ƙofa da tocila yana haska kwata har ya ɗauke.