Matan Suwidin 'yan hijira a Amurka

Matan Suwidin 'yan hijira su ne waɗanda suka bar ƙasarsu da ke arewacin Turai suka ƙetare Tekun Atlantika a babbar ƙaurar da aka yi daga shekarun 1840 zuwa wajen 1930. Kimanin mutum miliyan 1.3 ne suka tafi, daga ƙasar da jama'arta ba su wuce miliyan 5 da 'yan kai ba a 1900. Da farko gida guda ake tashi, miji da mata da yara, a nufi gonakin Illinois da Minnesota. Daga shekarun 1880 abin ya sauya, matasa marasa aure suka fi yawa a jiragen, cikinsu har da 'yan mata bila adadin da suka kama hanya su kaɗai. Tarihi ya fi ambaton mazan da suka sare daji suka shimfiɗa layin dogo, alhali gumin waɗannan mata ne ya riƙe gidaje da yawa.

Abin da ya tashe su

Jama'ar karkara sun ƙaru, gonaki ba su ƙaru ba. 'Yar talaka ba ta da abin yi sai aikatau a gidan mai gona, inda ake kiranta piga. Kwantiraginta na shekara guda ne, ba ta isa ta tafi kafin ya cika ba. Ita ce tatsar shanu tun da asuba, ita ce ɗebo ruwa da itace cikin ƙanƙara, sannan ta bi maza gona. Doka ta ba maigida damar dukan ɗan aiki baligi har zuwa 1858, na yara kuwa ba a hana ba sai 1920. Ana cikin haka yunwar 1867 zuwa 1869 ta faɗo: shekara guda sanyi ya kashe shuka, mai bi mata fari ya ƙarasa abin da ya rage.

Sai kuma wasiƙun waɗanda suka riga su tafiya. Sukan zo da hoto a ciki, ga 'yar ƙauyensu ta ɗora malafa irin ta matan birni. A Suwidin ta wancan zamani malafa ta matan manya ce, 'yar aiki kallabi take ɗaurawa. Wannan hoto ya ja 'yan mata fiye da duk tallan kamfanonin jirgi.

Hanya

Yawancinsu daga tashar Göteborg suke shiga jirgin ruwa zuwa Hull a Ingila, su hau jirgin ƙasa zuwa Liverpool, daga nan sai Niyu Yok. Ana tantance su a Castle Garden har 1890, daga 1892 kuma a tsibirin Ellis. Sau da yawa yaya ko gwaggo ce ta aiko da tikiti, a biya ta sannu a hankali daga albashi.

Aikatau

Aikin farko kusan kullum shi ne na gidan masu hali, musamman a Shikago, birnin da a 1900 babu inda ya fi shi yawan 'yan Suwidin in ban da Stockholm. Sun yi suna wajen tsabta da juriya, kuma sun iya karatu tun daga gida. Aikin ba sauƙi gare shi ba, ga kaɗaici, ga harshen da ba su ji. Amma ana biyan su kuɗi a hannu, ci da kwana na gidan ne, ana ba su yammacin Alhamis su huta, kuma in uwargida ta matsa sai mace ta ɗaure kayanta ta nemi wani gidan. Wannan 'yanci na ajiye aiki shi ne abin da ba su taɓa ɗanɗanawa ba. A ɗakin girkin suka koyi Turanci. Ɗaya daga cikinsu, Mary Anderson, haifaffiyar Lidköping a 1872, ta iso tana 'yar shekara 16, ta yi wanke-wanke, ta yi ɗinki a masana'antar takalma, ta ƙare da shugabancin ofishin kula da mata ma'aikata na gwamnatin Amurka daga 1920 zuwa 1944.

Sana'a da ciniki

Aure yakan raba mace da aikatau, amma ba ya raba ta da neman na kanta. A birni wata takan ajiye baƙi 'yan ƙasarsu a gida tana dafa musu da kuɗi, wata ta karɓi wanki da guga ko ɗinki. Wadda ta tara jari sai ta buɗe gidan burodi ko ƙaramin kanti, sau tari ita da mijinta, iyali na kwana a saman bene. Bayan gobarar Shikago ta 1871 'yan Suwidin sun yi ta matsawa arewacin birnin, a hankali titin Clark da ke unguwar Andersonville ya cika da irin waɗannan shaguna. Ana sayar da kifi mai gishiri, da busasshen burodin hatsin rai, da kofi, da lutfisk, wato busasshen kifin da ake jiƙawa a ci a Kirsimeti. Wanda ya shiga ba saye kawai ya kai shi ba. Mai kanti ta san wanda ke neman 'yar aiki, ta san wanda ya iso jiya bai da masauki, ta kuma san gidan da za a ɗaga wa ƙafa da bashi har ƙarshen wata. A karkara kuwa matar manomi ƙwai da man shanu take kaiwa gari, kuɗinsu ke sayen sukari da yadi kafin a girbe alkama. 'Ya'yansu mata, da Turanci ya zauna a bakinsu, su suka fi samun aikin sayar da kaya a manyan kantunan cikin gari.

Uwa tsakanin harsuna biyu

A bakin uwa harshen Suwidin ya fi daɗewa. Ita ke koya wa yara addu'ar kwanciya, ita ke kai su cocin Lutheran na Augustana da aka kafa a 1860, ita ke raya bikin Lucia na 13 ga Disamba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa aka fara yi wa baƙin harsuna kallon zargi, har gwamnan Iowa ya hana amfani da su a bainar jama'a a 1918. Cikin shekarun 1920 coci-coci suka yi ta komawa Turanci, dokar shige da fice ta Amurka ta 1924 kuma ta taƙaita shigowar sababbin baƙi. Uwaye da yawa sun tsufa suna magana da harshen gida, jikoki na amsa musu da Turanci. Kusan ɗaya cikin biyar na 'yan hijirar sun koma Suwidin, sauran an binne su a Amurka, wasu ba su sake ganin iyayensu ba tun ranar sallama.

Adana tarihinsu

Akwatunan katako da suka zo da su, da wasiƙu da hotuna, suna ajiye a cibiyar tarihin 'yan Suwidin ta Minneapolis da aka kafa a 1929, da Gidan 'Yan Hijira na garin Växjö a Suwidin da aka buɗe a 1968, da gidan tarihin da ke titin Clark a Andersonville, wanda aka kafa a 1976.