Ma'anar "fargaba" a bakin likita

Kwana tara ƙanwata Auta ta yi tana jiran sakamakon hoton ƙwaƙwalwa, wanda ake kira MRI. Abin ya faro ne da sagewar yatsun hannunta na dama, sai jiri ya biyo baya, daga nan leɓɓanta suka riƙa yin yam-yam kamar kiyashi na bin su. Likitan da ya tura ta hoton ya ce mata, "Za mu duba don mu tabbatar, amma ina ganin akwai fargaba a ciki." Muna fitowa ta tsaya a bakin ƙofar asibitin, ta miƙo mini hannun, idonta ya ciko da ƙwalla, ta ce, "Yaya, taɓa ka ji. Wai fargaba. Ni ƙarya nake yi ke nan?"

Ba ƙarya take yi ba, kuma likitan bai ce ƙarya take yi ba. Kalma ɗaya ce tsakaninsu, amma kowa da abin da ya ji a cikinta. Wannan saɓanin ya jefa mutane da yawa cikin wahala, shi ya sa nake ganin kalmar ta cancanci a tsaya a kanta.

In ka saurari kalmar da kyau za ka ji faɗuwa da gaba a cikinta, wato faɗuwar gaba. Tun a nan Bahaushe ya ajiye ta a ƙirji, a cikin jiki. Ta bambanta da tsoro. Tsoro yana da abin da yake kallo: kare ya taso maka, ko ka ga maciji a bakin rijiya, abin na wucewa tsoron ya bi shi. Fargaba kuwa abin da bai iso ba take tsaro, don haka ba ta da lokacin tashi daga aiki. Zullumi shi ne saƙa da warwarar da zuciya ke yi a kan abin. A addu'ar nan da Annabi (SAW) ya yawaita, ta neman tsari daga "hammi wal hazan", malamai sun ce na farko damuwar abin da ke tafe ne, na biyu baƙin cikin abin da ya wuce. Mai jiran sakamakon asibiti a cikin na farkon yake tsamo-tsamo.

Likitoci sun ɗauki kalmar sun ƙara mata aiki. A wurinsu fargaba ita ce jiki ya shiga shirin gudu ko faɗa alhali babu abin gudu a gabansa, ya kuma ƙi sauka daga shirin. Ana yawan cakuɗa ta da ciwon damuwa, wanda shi mutuwar jiki ne da fita daga sha'awar komai da yanke ƙauna. Sukan zo tare, amma ba abu ɗaya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da larurar fargaba a duniya.

To ta yaya abin da ke zuciya zai sagar da hannu? Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, ko na gaske ko na zato, sai ta aika wa wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, su kuma su zubo sinadarin adirinalin cikin jini. Zuciya ta ƙara bugu, baki ya bushe, gumi ya karyo, naman wuya da na kafaɗa su ɗaure. In ɗaurewar ta kwana ta wuni, sai ciwon kai ya zo kamar an naɗa wa mutum rawani an matse. Tsoka ta riƙa tsalle da kanta a ƙauri ko a fatar ido.

Babban ɓoyayyen abu shi ne numfashi. Mai fargaba yakan yi numfashi sama-sama da sauri, ko yawan ajiyar zuciya, ba tare da ya sani ba. Hakan na fitar da iskar kabon-dayoksaid daga jini fiye da kima. Idan ta yi ƙasa, jijiyoyin jinin da ke shayar da ƙwaƙwalwa sukan ɗan tsuke, nan jiri da ganin dishi-dishi suke fitowa. Sannan kalsiyam ɗin da jijiyoyi ke amfani da shi a jini yakan ragu na ɗan lokaci, sai jijiyoyin su zama masu saurin harzuƙa. Shi ne yam-yam ɗin da ake ji a leɓe da yatsu, har wani lokaci yatsun su ƙage su lanƙwashe. Wanda ya ga yatsunsa sun ƙage dole ya firgita, firgitar ta ƙara saurin numfashi, abin ya yi ta juyawa. Idan ta taso gaba ɗaya kamar guguwa, mutum ya ji kamar ransa zai fita, yawanci takan kai ƙarshen ƙarfinta cikin kamar minti 10, sannan ta fara lafawa.

Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa, Raymond Prince, ya yi rubutu a kan ɗaliban Najeriya da ke zuwa da kukan zafi a tsakar ka, da jin kamar wani abu na tafiya a cikin kai, da gajiyar ido a lokacin karatu. Mu dama ba mu cika cewa "hankalina a tashe yake" a gaban likita ba. Jiki muke barin ya yi magana, jiki magayi.

Shi kuma jira yana da nasa dafin. A 2016 masu bincike a wata jami'a da ke Landan sun sa mutum 45 wani wasan kwamfuta na ɗaga duwatsu, in an tarar da maciji a ƙarƙashi sai a ɗan ja mutum da lantarki a hannu. Abin da suka gano shi ne hankalin mutanen ya fi tashi a lokacin da abin yake rabi da rabi, ko a ja su ko kada a ja su, fiye da lokacin da suka tabbata za a ja su. Rashin sani ya fi mugun labari cin rai. Na ga wannan da idona. A dare na huɗu na fito shan ruwa wajen ƙarfe biyu, na tarar da Auta a kan tabarma a tsakar gida, hasken waya a fuskarta, tana karanta alamomin ƙari a ƙwaƙwalwa. Tana karantawa tana tsungulin kumatunta, na hagu sannan na dama, wai ta ji ko ɗaya ya fi ɗaya ji. Ta tsunguli wurin har ya yi ja. Duk gaɓar da ka zuba wa ido haka sai ka ji wani abu a cikinta. Gwada ka mai da hankalinka kan tafin ƙafarka na minti ɗaya ka gani.

Sai dai akwai inda nake so a yi hattara, domin kalmar tana da haɗari idan ta zama murfin rufe magana. Fargaba ba ta hana wata cuta zama a jiki ɗaya da ita. Sagewar hannu da ƙafa tana da dalilai sanannu: ciwon sukari da ya daɗe, ƙarancin bitamin B12, wanda kan samu masu shan maganin sukari na metformin na shekaru, maganin tarin fuka na isoniazid idan ba a haɗa shi da bitamin B6 ba, matsewar jijiya a wuyan hannu ko a gadon baya, har da kuturta idan akwai tabon fata da ba ya jin taɓi. Likitan kirki yakan ce "akwai fargaba" kuma ya ci gaba da bincike. Wanda ya faɗe ta don ya sallame ka bai yi maka adalci ba, kuma kana da ikon tambayarsa, "Likita, me aka duba, me ya rage?"

Ga wanda aka gama bincikensa ba a ga komai ba, akwai abin da zai sanyaya masa zuciya. A Sikotlan an bi sawun majinyata 3,781 da aka tura wa likitocin jijiya. Kusan kashi ɗaya cikin uku nasu, alamominsu ba su samu cikakken bayani daga wata cuta da ake iya gani ba. Bayan wata 18 aka sake duba 1,030 daga cikin waɗanda ba a gano cutarsu ba, mutum 4 kacal aka samu da wata cutar da ba a zata ba tun farko. Wasu daga irin waɗannan majinyata suna da larurar da jijiyoyin ba su lalace ba amma saƙon da ke bi ta cikinsu ke sarƙewa, har ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Larura ce ta gaske, ana gane ta da gwaji a gadon asibiti, kuma gashin ƙashi da zama da likitan ƙwaƙwalwa suna taimaka mata.

Akwai alamomin da ba a jiran sakamako a kansu, ko da an ce gobe zai fito. Baki ya karkace, ko hannu da ƙafa na ɓari ɗaya su mutu farat ɗaya, ko magana ta sarƙe: wannan shanyewar ɓarin jiki ake tsoro, kuma allurar narkar da gudan jini tana aiki ne cikin awa huɗu da rabi na farko. Haka ciwon kai mai tsanani da ya faɗo lokaci guda, ko farfaɗiya ga wanda bai taɓa yi ba, ko zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko gani ya ɗauke, ko raunin ƙafafu da ke hawowa sama, ko fitsari ya ƙwace ko ya ƙi fita tare da sagewar tsakanin cinyoyi. Waɗannan a tafi sashen gaggawa nan take, ko tsakar dare ne.

In babu su, to aikin da ya rage shi ne kula da fargabar kanta. Mu abin da ya fi yi mana amfani shi ne numfashi. Nakan zauna kusa da ita, ta ja iska ta hanci ina ƙirga huɗu, ta sake ta a hankali ina ƙirga shida, cikinta ne ke tashi ba ƙirji ba. Kafin minti biyar leɓɓan sun saki. Ranar da ta fara ganin haka ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, ashe da gaske ne." Ganin cewa tana iya kashe alamar da numfashinta ya fi duk lallashin da muka yi mata. Ta rage shayi mai kauri da kofi, domin sinadarin kafeyin da ke cikinsu, kamar na goro da lemon ƙara kuzari, yana ƙara bugun zuciya da rawar tsoka. Ta bar wayarta a ɗakin Inna da daddare. Ta samu ɗan littafi tana rubuta abin da ta ji sau ɗaya a rana bayan la'asar, da lokacin da ya zo da abin da take yi, maimakon ta wuni tana lalube jikinta. Ta koma kan kekenta na ɗinki, domin aikin da ke cinye hankali shi ke gajarta jira.

Abu biyu na tsaya a kansu da ƙarfi. Na farko kemis. Wani ya kawo shawarar a sayo mata diazepam ta samu barci, na ce a'a sai da izinin likita, domin irin waɗannan ƙwayoyi jiki na sabawa da su, kuma barinsu farat ɗaya na iya dawo da fargabar fiye da da. Na biyu 'yan dubiya. Da kyakkyawar niyya suke zuwa, amma kowa da labarin "wance ma haka ta fara", wata ta ce iska ce, wata ta ce sammu. Ba ni da ja da addu'a ko ruƙiya, Auta ma da azkar ɗin safe da yamma ta riƙa samun natsuwa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tsorata marar lafiya, ko a ce mata ba sai ta koma karɓar sakamako ba.

Ranar ta tara muka koma tare, littafin na cikin jakarta. Hoton bai nuna komai a ƙwaƙwalwa ba. Likitan ya karanta abin da ta rubuta, ya lura sagewar hannun ta fi zuwa da dare, kuma a babban yatsa da manuni da na tsakiya take tsayawa, ba ta taɓa ƙaramin ba. Ya lanƙwasa mata wuyan hannu ya riƙe na minti ɗaya, sagewar ta taso. Ya ce jijiya ce ta matse a wurin, ya rubuta mata abin ɗaure hannu da za ta riƙa kwana da shi, ya ce ta rage riƙon almakashi na ɗan lokaci. Jirin da yam-yam ɗin leɓe kuwa ya ce na fargaba ne, ya ba ta takardar ganin likitan da ke kula da wannan ɓangaren, ranar Talata mai zuwa.