Dokar jihohi tara: yadda tsarin mulkin Amurka ya samu karɓuwa

Da zarar an fara musun gyaran tsarin mulki a Facebook, sai wani ya ce ai Amurkawa ƙuri'ar raba gardama suka kaɗa kan nasu. Wani kuma ya ce a'a, jihohi tara ne suka ƙaƙaba wa sauran huɗun. Dukansu sun kauce hanya.

Sashe na 7 na daftarin da aka sa wa hannu a Filadelfiya ranar 17 ga Satumba, 1787 ne ya tsara lamarin. Ya ce idan tarukan wakilai na jihohi tara cikin 13 suka amince, magana ta ƙare. Wakilai ne suka kaɗa ƙuri'a, masu zaɓensu kuma galibi fararen fata ne maza masu abin hannu. Mata da bayi ba wanda ya nemi ra'ayinsu.

Inda ake ruɗewa shi ne wutsiyar jimlar: tsarin zai yi aiki ne tsakanin jihohin da suka amince kaɗai. A takarda, jihar da ta ƙi ba a ɗaure ta ba, tana nan waje abinta. Amma tsohuwar yarjejeniyar haɗin kan da jihohin suke kai kafin nan ta ce ba a sauya ta sai duk jihohi 13 sun yarda. Masu daftarin sun san jihar Rhode Island, wadda ko wakili ba ta aika Filadelfiya ba, ba za ta yarda ba, sai suka zagaye ta. Dabara ce, kuma a ganina da ƙamshin wayo a ciki.

Neman goyon bayan ma ba lallami zalla ba ne. Hamilton da Madison da Jay, 'yan siyasa masu goyon bayan daftarin, sun rubuta maƙaloli 85 na kare shi da sunan aro na Publius, amma a Pennsylvania gungun mutane ne suka jawo 'yan majalisa biyu masu adawa daga masaukinsu zuwa zauren, don adadin zama ya cika. Massachusetts ta amince da ƙuri'a 187 da 168, sai da aka yarda za a nemi gyare-gyare. New Hampshire ce ta cike ta tara a Yunin 1788.

Ita kuwa Rhode Island, ita kaɗai ce ta yi ƙuri'ar raba gardamar, jama'arta suka ce ba sa so. Sai da majalisar dattawan sabuwar gwamnatin Amurka ta zartar da ƙudurin yanke cinikayya da ita, sannan taron wakilanta ya amince ranar 29 ga Mayu, 1790, da ƙuri'a 34 da 32.