Ruwa biyu ba yau aka fara ba

Ana yawan ɗauka cewa auren baƙi da fari, da 'ya'yan ruwa biyu masu ba da labarin kansu, zamani ne ya kawo su. Ina! Tun kafin Musulunci, Antara ɗan Shaddad, wanda ubansa Balarabe ne, uwarsa Zabiba kuma baiwa Bahabashiya, ya yi ƙasidar da ta shiga Mu'allaƙat, wato tarin fitattun waƙoƙin Larabawan wancan zamani. Shi ma Pushkin, babban mawaƙin Rasha da aka haifa a 1799, kakan mahaifiyarsa ɗan Afirka ne.

Doka ce dai ta makara. Sai ranar 12 ga Yuni 1967 Kotun Ƙolin Amurka ta soke haramcin irin wannan aure, kuma ana bikin ranar duk shekara.