Gilashin kyamara mai f/1.4 ko f/1.2: ya cancanci kuɗinsa?

Me waɗannan lambobi suke nufi?

Faɗin ƙofar da haske ke bi ya shiga kyamara suke nunawa, kuma a juye suke: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Gilashi 50mm (wannan lambar ce ke nuna yadda yake jawo abu kusa) mai f/1.4 ƙofarsa ta kai kusan milimita 36, mai f/1.8 kuwa kusan 28. Daga f/1.4 zuwa f/2, zuwa 2.8, zuwa 4, zuwa 5.6, kowane mataki rabin hasken ake rasawa. Wato mai f/1.4 yana shan haske ninki huɗu na mai f/2.8, shota, wato labulen da ke barin haske ya shiga, ta buɗe ta rufe kafin mai rawa ya motsa.

To ina tsadar ta fito?

Babbar ƙofa tana son manyan gilasai da yawa a ciki, an goge su da kyau don kada gefen hoto ya lalace. Ɗauki Canon. Ƙaramin 50mm f/1.8 STM na 2015 giram 160 ne, ya fito a kan kusan dala 125. RF 50mm f/1.2L na 2018 giram 950, ya fito a kan kusan dala 2,300. Hasken da ya ƙaru ninki biyu ne da ɗan ɗori, kuɗin kuwa ya ɗan haura ninki 18. Mai canza naira ya sayi dala ba sai an yi masa bayani ba.

Wanda ya zo da kyamarata, 18-55mm, nake da shi. Me zan fara saya?

Mai f/1.8, ba tantama. Naka idan ka jawo shi zuwa 55mm a f/5.6 yake tsayawa, f/1.8 kuma zai ba ka haske kusan ninki goma. Babban tsallen ke nan, kuma shi ne mafi araha. Duk abin da ke gaba ƙari ne kaɗan-kaɗan da kuɗi mai yawa. Idan kyamararka mai ƙaramin sensa ce, wato allon da ke karɓar hoto a cikinta, 50mm zai matse ka a ɗaki, gara 35mm.

Ni hoton biki nake yi, yawanci da dare. Ba dole ne in mallaki mai f/1.2 ba?

A nan yake da amfani, gaskiya: zauren dina mai fitilu kala-kala, ko ɗakin amarya an ɗauke wuta. Na'urar hana girgiza da ke cikin wasu gilasai hannunka kawai take riƙewa, ba ta tsayar da masu rawa.

Amma akwai abin da masu sayarwa ba sa faɗa. Idan ka buɗe f/1.2 ka matso kusa, idon amarya zai fito tas, ɗankunne da ɗaurin ɗankwalin da aka biya kuɗi aka yi su koma dishi-dishi. Ta ɗaga hannu ta nuna lalle, sai ka zaɓa: fuska ko hannu. Ƙawaye su jeru layi biyu cikin anko, dole ka rufe zuwa f/4 ko f/5.6, in ba haka ba gobe wata ta kira ka ta ce "Malam, ni fa ban fito ba." A f/5.6 kuma, mai biki ba zai bambance mai tsada da mai araha ba. A ganina zum (gilashi mai jawowa da mayarwa) 24-70mm f/2.8 da filashi mai kyau da ake haska rufi da shi sun fi ciyar da mai hoton biki. Ga shi kyamarorin yanzu suna jure ISO (saitin da ke ƙara wa hoto haske) har 3200 ba tare da hoto ya cika da tsaki ba.

Da rana fa, kamar Hawan Daushe?

Asarar kuɗi. A tsakar rana, ISO 100 da f/1.4 suna neman shota mai sauri fiye da 1/8000 na daƙiƙa, alhali ƙananan kyamarori da yawa a 1/4000 suke tsayawa. Hoto ya ƙone, sai dai ka ɗaura tabarau mai rage haske. 70-200mm f/4 ya isa, nauyinsa kusan rabin na f/2.8 mai kilo ɗaya da rabi. Wuyanka zai shaida da yamma.

Idan zuciyata ta nace fa?

Ka yi hayarsa, ko ka ara wurin abokin sana'a ka yi biki ɗaya da shi. Bayan nan ka duba hotunan a kwamfuta, ka ƙirga nawa ka ɗauka a buɗe gaba ɗaya, nawa ne kuma mai biki ya zaɓa a cikinsu. Idan na hannu za ka saya, ka haska cikinsa da tocilan waya: ƙurar hunturu kaɗan ba matsala ba ce, amma idan ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce ta damina, ka ajiye shi. Ka gwada saitinsa a buɗe, kusa da nesa, kafin ka biya.